Yau Ma Bai Zauna Ba

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ma bai zauna ba.

Na ɗauko biro ne don in ban zube maganar nan a takarda ba, a kan wani zan zube ta, kuma duk Toranke an san wanda zai sha. Mijina, Baban Afra'u, ya yanke jiki ya faɗi a gonar gyaɗa tun damina tana tsakiya. Hawan jini, in ji likita. Ɓarin dama ya shanye, baki ya ɗauke. Ya yi kwana da kwanaki a asibiti a Kano bai san wanda ke kansa ba, ga roba a hanci, ga injin numfashi, ga zazzaɓi kamar garwashi. Da aka cire injin, yayansa Barau ya ce a dawo da shi gida, gara ya cika a ɗakinsa.

To, bai cika ba. Ina jin laifinsa ke nan.

Tun ranar da muka dawo Barau ya sa aka juya gadon, aka kwantar da shi a kan ɓarin dama yana kallon gabas, yadda ake yi wa mai gargara. Ya ce kada wanda ya kuskura ya juya shi, kada rai ya yi halinsa yana bai wa alƙibla baya. Ya dasa min Inna Baiwa, mahaifiyarsu, a bakin gadon da carbinta. Tsohuwa ba ta gani sosai, amma ko zani na taɓa sai in ji, "Zuliha, me kike masa?" Ɓarin daman nan kuwa shi ne mataccen. A kansa ya kwana, a kansa ya wuni, makonni, har ya buɗe ido ya fara karɓar kunu. Sau ɗaya na lallaɓa na juya shi da ƙyar, Inna tana bayi. Barau ya shigo ya mayar da shi, ya ce in na ƙara in haɗa kayana in koma Gaya gidan ubana.

Akwai kuma baƙar ledar da ya ɗora min a saman wardrop ranar da muka dawo. Ba zan rubuta sunan abin da ke ciki ba. Yadi ne fari, sabo.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da hantsi

Barau, mutumin da ya gama shirin binne ƙaninsa jiya, yau shi ne mai son ya tashi ya yi tsere. Wai an fara cirar gyaɗa, ba za a zuba wa mai gona ido yana kwance ba. Ya je Ajingi ya ɗauko Ɗanladi mai ɗori.

Ban raina Ɗanladi ba. Shi ya ɗora hannun 'yarmu Afra'u lokacin da ta faɗo daga bishiyar mangwaro tana yarinya, kuma ya ɗoru. Amma wannan ba karaya ba ce, na faɗa masa. Ya kalle ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya ce jijiya ce ta yi barci, sai an tashe ta. Ya narka man shanu, ya sa ƙarti biyu suka danne kafaɗun Baban Afra'u, ya kama ƙafar nan da ta sandare ya tura gwiwa har ƙirji da ƙarfin tsiya. Na ji wani abu ya ce ƙas.

Mutumin da ba shi da bakin cewa wayyo. Hannun hagunsa kawai na gani ya damƙe ƙarfen gado, hawaye na shiga kunnensa.

Na ce a asibiti cewa suka yi a riƙa motsa ƙafar a hankali, in an ji ta ƙi a tsaya. Barau ya ce asibitin da suka kasa shi ne zan kawo masa labarinsu? Ya nuna min ƙofa. A ɗakina. Ɗakin da na yi shekara ashirin ina sharewa.

Asabar, 5 ga Oktoba, da magariba

Ɗanladi ya dawo. Gobe ma zai dawo. Allah ya isa.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

'Yan dubiya sun ishe ni. Su shigo, su baje a tabarmina, su ce sannu, ya jiki, su sha fura, su dasa hirar taki da kuɗin gyaɗa a kan mutum yana kwance yana kallon bango. Kowa da maganinsa a baki. Wata ta ce a tofa, wata ta ce a turara, wani ya ce kawunsa da haka ya warke, sai da na tambaya aka ce kawun ya rasu bara.

Ba wanda ya ce bari in kama miki mu gyara masa kwanciya. Zama kawai suka iya.

Shi kuwa zama ne ya gagare shi. Mutumin da kullum bayan la'asar yake kifa tsohon turmi a ƙofar ɗaki ya zauna, rediyo a gefe, yana ɓare gyaɗa yana jefa min ɓawon in na wuce. Ba tafiya nake roƙo ba, wallahi na sauke buri. Ya zauna kawai. In ya zauna zai ci abinci ba ya ƙwarewa, zai yi salla a zaune, zan ɗora shi a keken guragu ya ga rana. Satin da ya farfaɗo ina iya jingina shi da filo biyu, ƙugun yana lanƙwasuwa. Yanzu filo ɗaya ma sai ya runtse ido.

Turmin yana nan inda ya bar shi. Kaji ke hawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da asuba

Gyambon da kwanciya ta haƙa masa a kwatangwalo yana ruwa. Na wanke, na sa magani. Wari ya fara.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da yamma

Na shiga gidan Liman wajen matarsa, na ce ta tambayo min. Ta dawo ta ce Malam ya ce fuskantar da mutum gabas abu ne mai kyau ga wanda ake ganin lokacinsa ya yi, amma ba a ce a ɗaure mara lafiya a ɓari ɗaya wata guda ba, kuma cutar da jiki ba ibada ba ce. Na kawo wa Barau saƙon da zafinsa. Ya ce Liman yaron jiya ne, a gabansa aka yi masa kaciya.

Ka ji fa. Ya fi likita, ya fi liman. Saura ya ce ya fi hawan jinin ma sanin inda ya kama.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba mugunta ce ke sa shi ba. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. So ne, irin son da ke danne yaro har ya daina numfashi. Shi ya goya Baban Afra'u da ubansu ya rasu, ya yi masa aure, ya raba masa gona. Yanzu yana ganin ƙanin nan kayansa ne, ni kuwa baƙuwa ce da aka ɗauko daga Gaya ta zo dafa tuwo.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Ƙugun ya kumbura, ya yi ja, da zafi kamar an ɗora dutsen guga. Zazzaɓi ya dawo. Ɗanladi ya danna, ya yi murmushi, ya ce cutar ce ke fitowa, yanzu aiki ya fara ci. Ya ƙara ƙarfi.

Na tsaya a bayan labule ina jin ƙarar gadon. Na tsani ƙarar gadon nan. Na tsani warin man shanu. Ko a tuwo ba zan ƙara sa shi ba.

Yau ma bai zauna ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Ina masa wanka sai hannuna ya ci karo da wani abu a gaban ƙugun, can ƙarƙashin fata. Tauri kamar ƙwallon goruba. Ba ya motsi. Na taɓa ɗaya ɓarin, babu. Na kama gwiwar na ɗaga a hankali yadda aka nuna min, ta ɗan taso kaɗan ta tsaya cak, ba irin tsayuwar da ba. Da, in ta ƙi, kamar mutum ne ke ja da kai. Yanzu kamar ƙofa ce aka sa wa sakata.

Ya kalle ni. Ya san na ji. Shekara ashirin ba na bukatar bakinsa kafin in san yana tsoro.

Na kira yayana Muhammad Bashir a Gaya, na ce ya nemo mota. Ya ce sai da yardar dangin miji, kada a ce mun sace musu ɗa. Har kai ma, Yaya? Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Yau an yi ta.

Na ji babur ɗin Ɗanladi, na ɗauko taɓarya na tsaya a ƙofar ɗaki. Ban ɗaga ta ba, riƙewa kawai na yi. Na gaishe shi da kyau, na ce yau ba shiga. Ya juya ya kirawo Barau. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, mata na leƙe ta katanga.

Barau ya ce in matsa. Na ce ba zan matsa ba. Ya ce mace ba ta raba mutum da gidan ubansa, in boko ne ke ruɗa ni in tattara in kai shi inda na samo. Na ce, "Yaya, ka kwantar da shi don ya mutu, bai mutu ba. Yanzu kana karya shi don ya tashi. Ka bar min shi haka nan, ka gaji."

Ya ɗaga hannu. Ban san ko zai sauke shi a kaina ba, don a nan Inna Baiwa ta yi magana daga ciki. Ashe duk hayaniyar nan tana lalube jikin ɗanta da yatsunta. Ta kira Barau da sunan da take kiransa yana yaro, na kauce ya shiga, ta kama hannunsa ta ɗora a wurin. Ta ce ta haifi tara, ta yi wa gawa wanka ba adadi, ta san jijiya ta san ƙashi, wannan ba jijiya ba ce. Ta ce a kai shi inda Zuliha ta ce.

Ɗanladi ya tafi da man shanunsa. Barau ya fita bai kalli kowa ba. Ni kuwa sai da gida ya watse na ajiye taɓaryar.

Talata, 22 ga Oktoba, da asuba

Ban yi nasara ba. Kada in ruɗi kaina. Ihu ne bayan hari.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan isha'i

Muhammad Bashir ya zo da ƙaramar mota, sai ga shi ba ta da amfani. Mutumin da ba ya lanƙwasuwa ta ina za a zaunar da shi a kujera? Aka koma aka nemo a-kori-kura mai ɗaukar gyaɗa. Ita kuma ba ta shigowa lungunmu, ruwa ya zaizaye hanyar, sai a bakin titi.

Ana ta shawarar yadda za a kai shi can, sai na hangi samari biyu sun shigo da makarar masallaci. Wai ita ce mai tsawon mutum, kuma da mariƙa. Wata maƙwabciya ta hango ta ta saki salati, nan take na ji kuka ya tashi a gidan baya.

Ban san lokacin da na fita tsakar gida ba mayafi ba. Na ce su fitar min da ita kafin ya gani. Na ce wallahi duk wanda ya ɗora mijina a kan abin nan da ransa, ni da shi har gaban Allah. Na ɗauko muciya na zare ƙusoshin ƙyauren ɗakina da kaina, aka shimfiɗa bargo, aka ɗauke shi a kai.

Amma ya gani. Na ga idonsa ya bi ta har ta fice.

Aka kwantar da shi a kan buhunan gyaɗa. A Gaya suka duba suka ce sai Kano. Duk hanya ina hango wani babur yana bin mu a baya. Ni dai ban gayyaci kowa ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar, a asibiti

An ɗauki hoto. Likitar gashin ƙashi, wata doguwa mai magana a hankali, ta ɗaga hoton a haske ta nuna min wani farin abu kamar gajimare a gefen ƙugun. Ta ce ƙashi ne. Ƙashi sabo, ya tsiro a cikin tsoka, inda ƙashi ba shi da gona, yana neman haɗe cinya da ƙugu.

Na ce ƙashi shuka ne da zai tsiro? Ta ce yana faruwa, ba ga kowa ba, amma an san waɗanda ya fi kamawa. Wanda shanyewar ta yi masa mugun kamu. Wanda ya daɗe a sume, har aka sa masa injin numfashi. Wanda gaɓarsa ta sandare. Wanda ya daɗe kwance ba a motsa shi. Wanda gyambon kwanciya ya kama, ko zazzaɓin ƙwayar cuta. Sai kuma wanda aka riƙa fizgar gaɓar da ƙarfi har tsoka ta yage ta ciki ta yi jini, jiki ya zo gyara ya ruɗe ya zuba ƙashi. Tana faɗa ina jin kamar a gidana ta kwana.

Na ce to wanne ne a ciki? Kwanciyar ce ko fizgar?

Ta ce, "Ba zan iya rantse miki ba. Akwai wanda aka yi wa komai daidai kuma ya same shi. Waɗannan biyun dai ba su taimaka ba."

Ba su taimaka ba! Na ɗauko mutum a kan ƙyaure tun daga Toranke don a ce min ba su taimaka ba. Suna nake so. So nake ta ce Barau, ta ce Ɗanladi, in riƙe a hannuna in koma gida da shi. Ta hana ni. Na ji haushinta har ban amsa sannun da ta yi min ba.

Sai na tambayi abin da ya kawo ni. Zai zauna?

Ta gyara hoton da ba ya bukatar gyara. Ta ce ba yanzu ba. Ƙashin ɗanye ne, in an yanke yanzu yana iya dawowa. Sai ya ƙosa, watanni masu yawa, wataƙila shekara, sannan likitocin tiyata su duba ko zai ciru. Kafin nan a warkar da gyambon, a sha magani, a riƙa juya shi dare da rana, a motsa ƙafar a hankali iya inda ta yarda. Ta ce ba ta yi min alkawari ba.

Da na fito na tarar da Barau jingine da bango a bakin ƙofar, hularsa a hannu. Ashe shi ne mai babur ɗin da ya biyo mu. Ya ji duka. Na wuce shi kamar turke.

Laraba, 30 ga Oktoba

Garin neman gira.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun dawo gida. Na sa an mayar da gadon inda yake tun da, yana kallon ƙofa. Ƙyauren ban mayar ba, ya riƙa ganin tsakar gida.

Na nannaɗe tabarmin ɗakin duka na jefa a rumbu. Na fitar da kujera 'yar tsugunno, na fitar da buzun salla. Kujerar Inna kaɗai na bari. Duk mai dubiya ya zo ya yi a tsaye. Matar da ta tambaye ni ina tabarma, na ce mata mai ɗakin ma bai zauna ba. An ce ana zagina a bakin rijiya. Su ƙara da tsinuwa in sun ga dama. Fura ta fara kwana a ƙwarya, abin da ban gani ba tun damina.

A asibiti sun koya min juya shi da zani mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, mutum biyu, kowa ya kama gefe. Zannuwana duk sun yi laushi, ɗaya ya yage a hannuna. Na tsaya ina kallon saman wardrop.

Na sauko da baƙar ledar. Likkafani ne, na rubuta, ga shi nan. Na ninka shi biyu na shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Yadi ne mai kyau, Barau bai yi rowa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Afra'u da ta zo taya ni jinya ta koma ɗakin mijinta jiya, cikinta ya tsufa, ba zan sa ta ɗaga mutum ba. Inna ba ta da ƙarfi. Tun azahar yake kan ɓari ɗaya, ina ta kallon rana tana tafiya, ina jin gyambon nan kamar a jikina yake.

Sai na ji sallama. Barau ne. Tun asibiti bai tako ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya shigo ya duba dama ya duba hagu, ya gane ba tabarma. Yayan miji, babban gida, mai furfura. Inna ta ce, "Zuliha." Na yi kamar ban ji ba.

Ya tsaya a tsaye. Ya ce wa ƙaninsa an gama cirar gyaɗar, ta yi kyau, ya sa an kai masa rumbu. Muryarsa ta karye a tsakiya. Sannan idonsa ya sauka a kan farin yadin da ya leƙo ta gefen katifa. Ya san shi. Shi ya zaɓo shi a kasuwar Ajingi. Ya dafa bango.

Na so in faɗa masa abubuwa da yawa. Na tanade su tun Kano, na jera su, na wasa su. Amma rana ta kusa faɗuwa, kuma mutum yana kwance a kan ciwo.

Na ce, "Kama wancan gefen. In na ce ɗaga ka ɗaga. In na ce tsaya ka tsaya."

Ya kama. Na ce ɗaga, ya ɗaga. Na ce tsaya, ya tsaya. Muka juya shi zuwa hagu, bayansa ga gabas, fuskarsa ga turmin da ke ƙofa. Barau ya buɗe baki, ya kalle ni, ya rufe.

Ban yafe ba. Na dai ce masa gobe da hantsi ya zo a kan lokaci.

Yau ma bai zauna ba. Barau ma haka.